Gajeru Biyar na Sha Tara

Mako shida bayan an yi mini aikin ido, 'yata Auta ta iso da mota tun rana ba ta yi zafi ba, ta ce in nemo takalmin gona. Na tuna mata likita ya hana ni shiga ƙura. Ta ce raɓa ba ta bushe ba tukuna, kuma ba daɗewa za mu yi ba, abu ɗaya take so in gani da sabon idona.

"Sha Tara ce, Mama. Wallahi ba za ki gane ta ba."

Shekara talatin da huɗu na yi a gonar gwajin nan kafin in ajiye aiki, kuma a cikin duk abin da na bari, babu wanda nake tambayar lafiyarsa sai Sha Tara. Tsatson masara ce. Samun tsatso kuwa ba asiri ba ne, haƙuri ne kawai. Ka rufe goyon da jakar takarda tun kafin gemu ya leƙo, ka tari ƙurar furen da ke saman wannan karan, ka zuba a kan gemunsa, ka sake rufewa. Ka aurar da masara da kanta ke nan. Ka shuka abin da ta haifa, ka maimaita. Kowace shekara tana ƙara gajarta, tana ƙara ramewa, har 'ya'yanta duka su zama abu ɗaya, ba ka iya bambance wannan da wancan. Manomi ba zai karɓe ta ko kyauta ba. Amma idan ka haɗa ramammu biyu da suka dace, ɗaya uwa ɗaya uba, abin da suka haifa shi ne iri mai aure, wanda ke cika buhu.

Da tsatso ɗari biyu da wani abu na fara. Ta sha tara a jeri ce kaɗai wadda duk uban da aka haɗa ta da shi, 'ya'yan suke tsayawa kore shar bayan mun ɗauke musu ruwa na mako uku. Sau biyar na aurar da ita da kanta da hannuna. Auta, wadda yanzu ma'aikata ke kira Dakta, ta karɓa daga nan. A wannan ranar, da ƙarfe sha ɗaya, mutanen kamfanin iri za su zo zaɓen iyaye, kuma kowa ya san Sha Tara za su ɗauka ta zama uwa.

Muka bi ta bayan ɗakin sanyi, wanda injinsa ya mutu shekara biyu da suka wuce ya dafa duk ajiyar irin da ke ciki, muka gangara zuwa kunyoyin tsatso. Kowace kunya da ɗan allon kwano mai lamba. Auta ta tsaya a gaban na sha tara, ta riƙe ƙugu, tana jira in yi magana.

Masara ce ta gani ta faɗa. Karare sun wuce kaina, ganye faɗi-faɗi, goyo kamar damtsen maƙeri, kowanne sanye da farar jakarsa.

"Taki muka canza," in ji ta, "kuma an gyara famfon ban-ruwa. Darakta har hoto ya ɗauka ya aika musu."

Na cire baƙin tabarau na shiga kunyar. Ganin ƙarshe da na yi wa Sha Tara, iyakarta ƙirjina, ni kuwa ba doguwa ba ce. Na ɗaga kai ina duban furannin sama. Wannan rawaya ne, na kusa da shi ya yi ja-ja, wani ya baje kamar tsintsiya, wani a tsuke. Wasu har sun fara zubar da ƙura. Ina cikin tafiya sai gefen zanina ya maƙale a wani abu. Na duba ƙasa. Wani ɗan gajeren kara ne a cikin inuwar manyan, ganyensa siriri a tsaye kamar kunnen zomo, furensa bai ko fito ba. An ɗaura masa jan tsumma. Goyonsa tsirara, babu jaka.

Na bi kunyar har ƙarshe ina ƙirgawa. Gindi arba'in. Masu jan tsumma biyar.

"Waɗannan fa?"

"Baƙi ne, Mama. Ni na ɗaura musu jiya. Helima zai sare su kafin mutane su iso."

"Auta, waɗannan biyar su ne Sha Tara. Sauran talatin da biyar 'ya'yan maƙwabta ne."

Ta yi dariya, amma gajera. "Likitan nan ya sa miki idon da ke ganin abu a juye."

"Goyo nawa kika samu bara?"

"Biyu. Kin san tsutsa ta yi mana ɓarna."

"Ƙwaya nawa?"

"Ɗari da ashirin."

"Nawa kika rage a ambulan?"

Ta juya tana gyara jakar wani goyo da ba ta buƙatar gyara. Na jira.

"Darakta yana son iri da yawa bana. Kuma na ji tsoro kada su ƙi fitowa, na ce a zuba uku-uku a rami."

Tun tana makarantar firamare take jina ina faɗa wa mutane kada su shuka ƙwayar ƙarshe. Wato ke nan babu Sha Tara a ɗakin sanyi, babu a ambulan, babu a ko'ina a duniya sai abin da ke cikin wannan kunyar.

"Wa ya yi cira, ya bar ɗaya-ɗaya?"

"Helima. A makon da nake asibiti tare da ke."

Wannan ta faɗe shi tana kallon idona, don in san rabona a ciki. Na karɓa.

Helima shi ne shugaban leburori, dattijo ne sa'ana, kuma ban taɓa ganin manomi kamarsa ba. Yana kunya ta sha shida da adda a hannu, yana sare masu jan tsumma yana jefawa bakin hanya. Da ya hango ni ya miƙe yana dafa baya.

"Malama ce da kanta. Ido ya dawo?"

"Ya dawo. Har na ga yadda ka tsufa."

"Ni dama ban ce ki duba ni ba. Kin ga 'yarki yadda ta yi kyau? Masarar nake nufi, Dakta kam kullum a rame take."

"Kai ka yi mata cira, aka ce."

"Da hannuna, ban bar wa kowa ba. Rami-rami na bi a durƙushe. Duk inda na ga rago na tumɓuke, na bar gwarzo." Ya goge addar a wandonsa. "Rami biyar ne kawai suka ba ni haushi, duka ukun ragwaye, na rasa na zaɓa. Na bar ɗaya-ɗaya don kada gurbi ya zauna wofi. Ga shi yau za su tafi."

Ba laifinsa ba ne. Abin da ubansa ya koya masa ya yi, kuma a kowace gona ta duniya daidai ne. A tsatso mai tsabta ma ba ya ɓata komai, don duk ukun ɗaya ne, wanda ka ga dama ka cire. Sai fa idan baƙuwar ƙura ta taɓa shiga. A nan duk wanda ya fi ƙarfi a rami ɗan baƙo ne, ragon shi ne ɗan gida. Helima ya bi kunyar nan da ƙwarewar shekara hamsin ya tsince Sha Tara ɗaya bayan ɗaya ya zubar.

"Ka bar mini kunya ta sha tara, kada ka taɓa ta."

Ya dubi Auta. Auta ta dubi ƙasa.

"Gaya masa mana," na ce.

"Ni na ɗaura tsumman, Mama. Ba zan kwance don kin ce ba. Mu je wurin Darakta."

Helima ya sosa wuya. "Malama, a da bakinki ne doka a nan, ba na musu. Yanzu Darakta ya ce kafin sha ɗaya kada ya ga jan tsumma ko ɗaya. Zan ja ƙafa a sha bakwai, in ja a sha takwas. Idan na iso sha tara ban ji daga gare shi ba, ni ɗan aike ne."

Na yi tunanin in zauna a gindinsu in ga mai ɗaga ni. Amma su biyar ne a warwatse cikin kunya mai taku talatin, ni kuwa ɗaya ce. Kuma ko an bar su, idan ba a rufe goyonsu yau ba, gemu zai leƙo cikin wannan iskar da ke ɗauke da ƙurar kowa da kowa, shi ke nan an gama. Na bi Auta. Ƙarfe goma saura kwata.

Ofishin Darakta yana saman bene, matakala goma sha huɗu, na ƙirga su da gwiwata. An share shi fes saboda baƙi. Fanka na juyawa, an jera kofuna a faranti, ga busassun masara huɗu a kan tebur an ɗaure da zare don ado. Tagar bayansa tana kallon kunyoyin tsatso. Wannan mutumin ni na koya masa yadda ake riƙe jakar fure, lokacin wuyansa bai fi na kwalba kauri ba. Ya tashi ya ba ni kujera.

"Malamarmu. Kin ga abin da jikarki Sha Tara ta zama?"

"Na gani. Ka aika a tsayar da Helima, sannan mu yi magana."

Ya saurare ni har ƙarshe, wannan ba zan hana masa ba. Sannan ya ja aljihun tebur ya fito da wani ɗan littafi mai koren bango, gefensa duk ya cinye.

"Shafi na tara. Duk karan da ya saɓa wa galibin kunya, baƙo ne, a cire shi kafin fure ya buɗe." Ya juyo mini da bangon. "Sunan wa ke nan, Malama?"

"Nawa ne. Lokacin da na rubuta shi ina zaton masu yawa ba sa kuskure. Na girma tun daga nan."

"To ni da shi kika rene ni."

"Ba na ce ka sare dogayen ba tukuna. Jaka biyar nake so, kuma a bar gajerun a tsaye."

"Mutanen nan da za su zo ƙirga suke yi. Su ga biyar cikin arba'in sun fita daban, su rufe littafinsu su wuce kunya ta gaba. Shekara nawa muna jiran wannan ranar?" Ya dubi agogon bango. "Ga abin da zan yi miki. A sare su, a ɗebi ganyen a kai ɗakin bincike. Mako uku sakamako ya fito."

"Ya fito ya gaya maka wa ka kashe."

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Taki ne, Malama. Taki da ruwa. Kin saba ganinta a lokacin da famfo ke aiki kwana biyu a mako."

"Taki yana ƙara tsawo. Ka taɓa ganin ya canza launin fure? Leƙa tagar nan, rawaya da ja a kunya ɗaya."

"Ja-jan bai kai a yi magana ba. Kuma, ki yi haƙuri, mako shida ke nan da taɓa idon."

Na leƙa tagar da kaina. Helima ya gama sha bakwai. Farar hularsa tana tafiya a hankali cikin sha takwas, tana nutsewa tana tasowa.

Na jawo takardar tsarin taron da ke kan teburinsa na kifa ta, na ciro biro daga aljihun rigarsa ba tare da na roƙa ba.

"Goyo biyu aka casa wuri ɗaya. Ka ɗauka ɗaya nata ne, ɗaya ƙurar waje ta shige shi. Rabin ƙwayar 'yan gida, rabi baƙi. Uku a rami. Kafin ɗan gida ya tsira daga hannun Helima, sai dukan ukun sun zama 'yan gida. Rabi, rabin rabi, rabin wancan. Ɗaya cikin takwas. Rami arba'in." Na tura masa takardar. "Kai ka fi ni lissafi."

Bai taɓa biron ba. Ya daɗe yana kallon takardar. Duk abin da kujera ta yi masa, ba ta kashe ɗan binciken da ke cikinsa ba, na ga haka a goshinsa.

"Biyar," in ji shi a hankali. Sai ya girgiza kai. "Lissafi ya yi kyau, amma a kan zato ya tsaya. Sai idan goyo guda cur ya lalace. Dakta, ke kika yi auren bara da hannunki, ke kika girbe. Akwai jakar da ta samu matsala?"

Auta tana tsaye a jikin ƙofa tun shigowarmu. Sunanta ne a kan rahoton da aka aika wa kamfani, nata ne a ƙarƙashin hoton.

"Ban rubuta wata matsala ba," ta ce.

"Kin ji," in ji Darakta.

Na ji. Na kuma ga hannunta ya tafi ga ɗan kunnenta na hagu yana murzawa, kamar ranar da ta fasa mini gilashin awo tana 'yar shekara tara ta ce kyanwa ce. Ina iya faɗa a gabansa. Kalmar tana bakina. Amma idan daga bakina ta fito, rigimar tsohuwa ce da 'yarta, zai ba mu haƙuri ya raka mu matakala.

Farar hular ta kai ƙarshen sha takwas. Ta tsaya. Ta juyo tana kallon benen.

"Auta," na ce, ban ɗaga murya ba, "a cikin biyun, wanne ya fi cika?"

Fanka ta yi juyi uku ko huɗu.

"Na biyun."

"Sha Tara ta taɓa cika miki goyo har baki?"

"A'a."

Hular ta sunkuya ta shige kunya ta sha tara.

"Jakar ta yage," in ji Auta, maganar tana fitowa da sauri. "Daga gindi, kamar faɗin yatsa biyu. Ranar girbi na gani. Na ce wata ƙila bayan gemu ya bushe ne ta yage, wata ƙila tsuntsu ne jiya-jiya. Goyo biyu gare ni, Darakta. Idan na jefar da shi saura ɗaya, kuma ɗayan rabinsa wofi ne. Na casa su tare."

Darakta ya ɗauki wayarsa ya danna. Muna jin ta tana ringi a banza. Rigar Helima tana rataye a jikin shinge, ina hango ta daga nan, wayar tana cikin aljihunta. Ya buɗe taga ya kira, iska ta mayar masa da muryarsa. Kafin ya juyo Auta ta fita, ta bar takalminta ɗaya a bakin ƙofa.

Ni kam matakala goma sha huɗu ba sa saukuwa da gudu. Na sauka ina riƙe ƙarfe, na tsaya a ɗakin kayan aiki na ɗebi jakunkunan goyo daga kwalin da suke ajiye tun zamanina, na cusa a jakar hannuna. Raɓa ta bushe ƙaf. Duk kunyar da na wuce, idan iska ta kaɗa sai ka ga rawayan hayaƙi ya tashi daga furanni. Idon da aka yi wa aiki ya fara ƙaiƙayi. Na manta tabarau a kan teburin Darakta.

A bakin kunya ta sha tara na tarar da biyu a yashe, jan tsummansu a jiki, ruwa na tsattsafowa daga inda adda ta bi. Na tsallake su.

Can tsakiya Auta tana durƙushe, ta rungume na ukun da hannu biyu, tana haki. Helima yana tsaye a kanta, addar ta koma bayansa.

"Saura ƙiris in haɗa da hannunki, Dakta. Ko sallama babu." Ya juyo gare ni. "Na ja ƙafa, Malama. Har fitsarin ƙarya na je."

"Na gani. Matsa mini."

Na durƙusa a gaban na farko cikin ukun da suka rage, na buɗa ganyen da ke rungume da goyon. Bakinsa a tsuke, kore, babu gashi ko ɗaya. Na zura jaka, na ja ta ƙasa har ta kama tsakanin goyo da kara. Na biyun yana can kusa da ƙarshe, shi ma a rufe. Na sa masa tasa. Sai da na yi sau biyu kafin ta kama.

Na ukun shi ne wanda Auta ta tare. Da ta ɗauke hannunta muka gani tare. Zare huɗu ko biyar, farare, ba su fi tsawon farce ba, sun leƙo daga bakin goyon. Yau da safe suka fito, ko jiya da yamma. A kan ganyen da ke ƙarƙashinsu akwai rawayan gari, kamar an barbaɗa.

Shi ne mafi girma a cikin ukun. Na tsaya ina kallonsa, ina lissafin ƙwayar da zai bayar.

"Akwai dabara," na ce. "A yanke bakin da reza, can ƙasa, a rufe. Idan ƙurar ba ta daɗe da sauka ba, wata ƙila ba ta kai ciki ba."

"Wata ƙila," in ji Auta.

Ta kama goyon ta murɗe shi, ya ɓalle da ɗan ƙara. Ta jefa shi can bakin hanya wurin 'yan'uwansa biyu.

"Furensa dai na gida ne," ta ce, tana share hanci da bayan hannu. "Idan ya fito za mu yi amfani da shi."

Ni na rubuta shafi na sha ɗaya ma, inda aka ce gemun da ya ga rana ba a yi masa uzuri, ga shi ni ce na fara neman uzurin.

Darakta ya iso yana zufa, takalmin Auta a hannu ɗaya, tabarauna a ɗayan. Daga bakin ƙofar gona aka yi hon sau biyu. Ya dubi sararrun, ya dubi ukun da suka rage, ya ɗaga kai ya dubi dogayen da suka yi musu rumfa.

"Ba za su yi goyon kirki a cikin wannan inuwar ba," in ji Auta. "Kuma ranar da za mu buɗe jaka, waɗannan suna zuba mana ƙura a kai."

"Na sani." Ya miƙa mata takalmin. "Me zan nuna wa mutanen nan?"

"Ka nuna musu uku," na ce.

Aka sake yin hon. Ya goge fuska da hankici, ya ninke shi, ya mayar aljihu.

"Helima, sare dogayen."

"Waɗanne?"

"Duka talatin da biyar."

Helima ya dubi masarar daga ƙasa har sama. Ya dubi Darakta, don ya tabbata ba rana ce ta buge shi ba.

"Ranka ya daɗe, ka sa ni wani aikin. Ni na yi musu cira, ni na ba su taki. Wannan hannun ba zai iya ba."

Auta ta karɓi addar daga hannunsa. Ta sari na farko, bai faɗi ba sai a sara na uku. Na biyun ya karkato zai faɗa kan gajeren da na rufe, na tare shi da kafaɗa, ƙura ta zubo mini a fuska. Helima ya yi tsaki.

"Kawo nan. Karatu daban, sara daban. Za ki kashe abin da kika yi gudu dominsa."

Ya bi su ɗaya-ɗaya, yana riƙe kowanne da hagu kafin ya sara, yana kwantar da shi waje a hankali. Haka ya yi har ya gama.

Mutanen kamfani su uku ne. Sun tarar da tulin kore a bakin hanya, da kunya fayau, da gajeru uku a tsaye cikin rana, biyu da farar jaka. Darakta ya buɗe baki, Auta ta riga shi. Ta faɗa musu komai, har faɗin yagewar. Babbar cikinsu, wata mata mai furfura a gaban goshi, ta tsuguna ta duba yadda aka sa jakar, ta ja ta kaɗan ta ga ta kama.

"Wa ya sa wannan?"

"Mahaifiyata."

Ta rubuta wani abu a littafinta. Ta ce bana dai ba za su ɗauka ba, babu abin ɗauka. A kira ta idan an tara irin da ya kai cikin gwangwani, kuma kunya ta zama kai ɗaya. Suka wuce zuwa kunya ta sha takwas da ta ashirin da biyu, su suka zaɓa.

Likita ya yi mini faɗa kamar ya sami 'yar makaranta, ya ƙara mini maganin ɗigawa na wata guda. Bayan kwana tara furannin ukun suka buɗe, duka rawaya. Auta ta yi auren da kanta, Helima yana riƙe da tabarmar roba ta gefen da iska ke fitowa. Kullum da safe shi ke fara zuwa ya duba jakunkunan biyu, ya kuma kafa musu raga saboda tsuntsaye, ba wanda ya sa shi.

Da aka girbe, goyo ɗaya ya ba da ƙwaya arba'in da uku, ɗayan goma sha takwas. Ba a casa su tare ba. Auta ta zo gidana da ƙananan ambulan biyu, ƙwaya goma a kowanne, da lamba da kwanan wata a jiki. Ta buɗe firijina ba ta tambaye ni ba, ta ture kwalbar maganin ido gefe, ta sa su cikin wata kwalba mai murfi a can baya.

"Kada ki dafa su," ta ce.

"Sauran fa?"

"Gobe za mu shuka. Helima ya ce ɗaya-ɗaya a rami, kuma duk karan da ya ga ya fi 'yan'uwansa kyau zai zo ya faɗa mini."